Sake, Ya Maulana

Lahadi, bayan Azahar

Wannan shi ne littafi na goma sha huɗu. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina rubuta duk inda Shehu Ridwan ya zauna ya yi karatu: gari, rana, makokin wa, wace sura, da inda ya sa maza kuka. Ban taɓa saka kaina a ciki ba. Yo me za a rubuta a kan Bayyumi mai guga? Amma yau alƙalamin ya ƙi tsayawa inda ya saba.

Jiya, Mit Zahran, bayan La'asar, rumfar makokin wani dattijo mai injin niƙa. Mutane maƙil. Mu sammi'a muna sahun gaba kamar kullum, mu goma sha ɗaya da muke bin Shehu gari-gari don kunnenmu kawai, ba a gayyatarmu, ba a kuma taɓa korarmu ba. Aikinmu sananne ne. In ya kai ƙarshen aya ya sauke numfashi, sai mu ɗaga murya, "Allah! Allah ya buɗa maka, ya Maulana! Sake!" Shi kuwa ya murmusa ya koma baya ya sake, ta hanyar da ta fi ta farko daɗi.

Yana cikin labarin Annabi Zakariyya sai ya bar surar da yake ciki ya faɗa wata, inda labarin ya zo da kalmomi masu kama da juna. Aya biyu ya yi a can. Ni na ji. Alhaji Dasuƙi mai taki, babbanmu, shi ma ya ji, don na ga wuyansa ya sandare. Doka kuwa ko ɗan makarantar allo ya san ta: in mai karatu ya kauce, wanda ya ji ya ci gyaransa nan take, ko ɗan uban waye. Sai Alhaji Dasuƙi ya miƙe tsaye ya ƙwala, "Allah! Sake, don darajar Annabi, tun daga farko!" Muka ɗauka gaba ɗaya. Shehu ya koma farko ya biyo daidai, babu wanda ya farga.

Ba komai ba ne. Gajiya ce. Mutum ɗan shekara saba'in da huɗu, ga wannan sanyi.

Litinin, da hantsi

Gajiya ce.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ihsan, 'yar Shehu, ta kawo jubba da rawani. Tun da na buɗe shagon nan babu wanda ya taɓa goge masa kaya sai ni. Nasa ba na fesa musu ruwa da baki kamar na kowa, da yatsu nake yayyafawa, kuma sai na yi alwala.

Na ce, "Ya jikin Baba?"

Ta ce, "Lafiya lau, Baffa Bayyumi. Me ka gani?"

Na ce ban ga komai ba. Ta tsaya tana naɗe ledar da ta kawo kayan, ta naɗe ta ware, ta naɗe ta ware. Can ta ce shekaranjiya ya tambaye ta ko Mama ta dawo daga kasuwa. Sai ta yi dariya ta ce ai tsufa ne, ta fita ko sallama babu.

Uwarta shekara tara ke nan da muka binne ta. Shi ya karanta mata da bakinsa.

Asabar, da safe

Jiya a nan garinmu, Kafar Sabbah, makokin ƙanin mai gari. Shehu ya tsallake aya ɗaya sukutum. Alhaji Dasuƙi ya yi ihu. Ni ma na yi. Wallahi muryata ta fi tasa ƙarfi.

Asabar, bayan La'asar

Alhaji Dasuƙi ya tara mu a shagon shayi na bakin gada. Bai ko bari an sauke kofuna ba.

Ya ce, "Duk wanda ya ji wani abu, bai ji ba. Kun gane?"

Muka gyaɗa kai.

Ya ce, "Mutumin nan makaho ne tun yana shekara huɗu. Ba zai buɗe mus'hafi ya duba ba kamar waɗannan 'yan yayin masu karatu da ido. Abin da ke ƙirjinsa shi ke nan abin da yake da shi. Ranar da wani ƙato ya ci gyaransa a gaban jama'a, ranar za mu ɗauki gawarsa. Mu ne bangonsa."

Sai ya juyo kaina, ya kira ni da sunan ɗana. "Kai, ya Abu Nasir, duk cikinmu kai ne ka haddace. Mu sai ya yi nisa muke ganewa. Daga yau ka zauna dab da kujerar karatu. Da ka ji ya karkace, ka ɗaga carbinka sama kamar daɗi ne ya kwashe ka. Sauran aikin namu ne."

Na ce, "Ya Alhaji, to doka fa?"

Ya ce, "Wace doka? Ba komawa yake yi ya gyara ba? Ko so kake a ce mai guga ya gyara wa Shehu Ridwan? Kai da karatunka ko jaki ya ji sai ya bar cin ciyawa!"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na ce to.

Haddar da yake faɗa, ban taɓa durƙusawa gaban malami na yi ta ba. Daga kasakasan Shehu na kwashe ta, ƙafata a kan dutsen guga irin namu da ake turawa da ƙafa, kunnena a rediyo, shekara da shekaru. Inda yake numfashi nan nake numfashi. Har tarin da ya yi a wani kaset na Mansura, in na zo wurin sai maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi.

Litinin, bayan Magariba

Matata Nabawiyya ta dafa miyar lalo da zomo, na kasa ci. Matar nan shekara talatin da biyar muna tare, ko numfashina ya canja sai ta gane.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce babu.

Ta ce, "To Shehunka ne. Kai ai abu biyu ke hana ka cin abinci, mutuwa da mura ta kama Shehu."

Na faɗa mata. Ban yi niyya ba, bakina ne ya zube. Ta ajiye cokali ta dube ni.

"Wato sunan Allah kuke kira don ku rufe ɓarnar da aka yi wa maganar Allah?"

Na ce, "Ke ba ki gane ba."

Ta ce, "Na gane sarai. Ranar da na haifi Nasir kana Zagazig kana ihun sake. Ban ce komai ba, na ce ai Littafin Allah ya bi. Ranar ɗaurin auren ƙanwata ma haka. Yau nake son ka faɗa mini, ya Abu Nasir, Littafin kake bi ko maƙogwaron?"

Na daka mata tsawa na ce ta iya bakinta. Ta kwashe kwanuka ta bar ni zaune.

Talata, bayan Asuba

Cikin dare na tayar da nafila, na ɗauko surar nan ta Mit Zahran. Da na iso wurin, sai na faɗa inda ya faɗa. Daidai wurin. Na sallame, zufa ta keto mini a wannan sanyin.

Na sake tayarwa. Da na ce Allahu akbar, fuskar wa nake gani? Ba zan rubuta ba.

Alhamis, da yamma

Makoki a bayan tashar jirgi. Na ɗaga carbi sau biyu. Ya yi aiki.

Juma'a, bayan an sauko

Ya yi aiki. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, ya yi aiki. Mutane har cewa suke sammi'an Shehu Ridwan bana sun fi kullum zafi.

Lahadi, da hantsi

Na ƙona wuyan rigar wani malamin makaranta. Rabon da in ƙona kayan mutum tun ina saurayi.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Izbat Nakhla, jiya bayan La'asar. Ya Allah.

Mace ce ta rasu, tsohuwa, 'ya'yanta maza huɗu a jere a bakin rumfa suna karɓar gaisuwa. Shehu ya sha ruwan yansun ɗinsa na gyaran murya, ya gyara zama, ya fara. Ya ɗauko ayoyin da ke maganar mutanen Aljanna, rumfa ta yi luf, babban ɗan yana share hawaye. Sai ya kamo farkon ayar 'yan Aljanna ya rufe ta da ƙarshen ayar 'yan wuta. A makokin uwar mutane! Kuma da wace irin murya, wayyo, da muryar da ban ji irinta ba tun bara.

Na ɗaga carbi. Aka yi ihu. Ya koma, ya sake faɗawa ramin nan dai. Na sake ɗagawa. A karo na uku wani baƙo a sahu na huɗu, mai tabarau, ya buɗe baki zai yi magana. Na ga leɓensa yana motsi. Mutanenmu biyu suka miƙe suka tsaya a gabansa suna "Allah! Allah!" har jijiyoyin wuyansu suka fito, Alhaji Dasuƙi kuma ya dafa kafaɗarsa ya ja shi waje wai ya zo ya sha kofi. Kafin su dawo Shehu ya bar wurin ya shiga wata sura. Ayar nan bai gyara ta ba. Haka aka tashi.

A mota Alhaji Dasuƙi yana tuƙi yana cewa, "Yau ka yi sarauta, ya Maulana." Shehu yana ta murmushi, ya ce, "Yaran nan kun hana ni sakat da ihu." Ni ina baya, na kafa kaina a gilashi.

Sau uku na ɗaga hannuna. Hannun nan zai yi magana wata rana, an faɗa mana, kuma ba ihu zai yi ba, bayani zai yi dalla-dalla.

Laraba, bayan Azahar

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji.

Juma'a, da hantsi

Na kai wa Shehu kayansa da kaina don in faɗa masa a ɓoye, mu biyu, babu kunnen kowa. Tun daga shago nake jera maganar a raina.

Yana zaune a tsakar gida yana shan hantsi, bargo a ƙafafunsa. Na sumbaci hannunsa.

Ya ce, "A'a, sarkin masu ƙona riguna! Yau kai da kanka? Ko Nabawiyya ta koro ka?"

Na ce, "Saura kaɗan, ya Maulana."

Ya yi dariya har da tari. Ya sa Ihsan ta kawo shayi. Ya tambayi Nasir da aikinsa a Suwes, ya tuna sunan jikata, ya tuna ranar da motarmu ta mutu a hanyar Dumyat muka hau akori-kurar masu kifi, har sunan direban ya faɗa. Ras yake, wallahi ras. Na ce a raina, kai Bayyumi, wa ka isa? Mutumin da ya haddace kafin a haife ka?

Na ce, "Ya Maulana, akwai wata magana."

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, yadda yake yi, kamar yana ganina. Ya ce, "Faɗi, ɗana."

Na ce, "Aljihun jubbar nan ya fara yagewa."

Abin da na faɗa ke nan. Ihsan ta rako ni bakin ƙofa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da safe haka yake. Sai rana ta yi." Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Asabar, bayan La'asar

An gama gyaran babban masallaci. Juma'a mai zuwa za a buɗe. Baƙi daga Tanta, daga Mansura, mahaddata, malamai, kowa da wayarsa a hannu yana ɗauka. Shehu ne zai yi karatun kafin huɗuba, wa kuma?

Na ce wa Alhaji Dasuƙi mu nemi uzuri, mu ce mura ce. Ya ce, "Masallacin da ya yi shekara arba'in yana karatu a ciki, ranar buɗewa a ɗora wani? Ai gara ka ɗauko wuƙa." Ya ce zai ƙaro mutum ashirin masu murya daga cikin leburorinsa, ya raba su lungu-lungu. Ya ce ni dai in riƙe carbina.

Litinin, da safe

Na ɗauko mus'hafin babana daga saman kabad. Ƙura a kansa, abin kunya. Na ari tabaran Nabawiyya na zauna. Baƙaƙen suna nan yadda suke, babu tari, babu wurin da suke hawa ko sauka. Na yi shafi guda ina ƙoƙarin in karanta ba tare da muryarsa ta shigo kunnena ba. Na kasa.

Nabawiyya ta leƙo ta gan ni. Ta dawo da shayi ta ajiye a gefe, ta ja ƙofa.

Talata, bayan Azahar

In na yi shiru, na san wanda na saɓa wa. In na yi magana, na san wanda na kashe. Duk dare da rana abin da ke juyawa ke nan. Guga ma na rufe, na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Laraba, da yamma

Ina ma ƙafata ta karye kafin jibi.

Alhamis, bayan La'asar

Na goge jubbar da zai sa gobe, ruwan toka, wadda yake so. Na ɗinke aljihun. Na daɗe ina riƙe da ita.

Ina son mutumin nan. Ban san yadda zan faɗa ba tare da na ji tsoron kalmar ba. Na fi son sa da ubana, Allah ya jiƙan ubana. Shekara talatin da ɗaya in na ce Allah a rumfa, ina zaton sama nake kallo. Yanzu ban sani ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Na yi wanka. Carbi yana aljihu. Ya Rabbi ka sa yau ya karanta lafiya, yau kaɗai.

Juma'a, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi, tiryan-tiryan, don gobe za a faɗe shi ta hanya goma.

Masallaci ya cika har titi. Warin sabon fenti, sabbin darduma. Na zauna a gindin kujerar karatu, gwiwata tana taɓa ƙafarta. Ya fara a hankali, can ƙasa, ya riƙa hawa. Kai! Mutanen Tanta da suka zo da girman kai sai ga su suna kaɗa kawuna. Kusan rabin sa'a babu ko gargada. Na fara cewa alhamdu lillahi, an amsa mini.

Sai ya zo wata aya ya shiga, ya fita ta ƙofar wata.

Carbi yana hannuna. Na ga Alhaji Dasuƙi ya zuba mini ido daga gindin ginshiƙi, ya riga ya cika ƙirjinsa da iska. Leburorinsa duk shi suke kallo. Na ce wa hannuna tashi. Wallahi na ce masa tashi. Ya ƙi.

Sai na ji wata murya mummuna, busasshiya, tana faɗin ƙarshen ayar daidai. Sai da ta kai ƙarshe na gane tawa ce. Makirufon Shehu yana kusa da ni, ya kwashe ta ya watsa har titi.

Masallaci ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a inda Shehu yake.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Ya daɗe. Sannan ya maimaita abin da na faɗa, daidai, da muryarsa. Na ce shi ke nan, zai wuce. Sai ya tsaya. Bakinsa a buɗe kaɗan, kansa a karkace, yana jira. Ni yake jira.

Na ba shi farkon aya ta gaba. Ya karɓa ya kai ta ƙarshe. Ya sake tsayawa. Na sake ba shi. Aya bakwai muka yi haka, ni ina miƙawa yana karɓa, a gaban mahaddatan Mansura, a gaban wayoyi sun fi ɗari. Babu wanda ya ce Allah. Babu wanda ya ce sake. Wani tsoho a bayana yana kuka da sauti. A ta bakwai ya rufe karatu, ya shafa fuskarsa, ya miƙo hannu a sauke shi. Ba ni na kama ba, na kasa tashi.

Ban san me liman ya faɗa a huɗuba ba. A wurin takalma Alhaji Dasuƙi ya tare ni. Idonsa jawur.

Ya ce, "Ka yanka shi. A gaban baƙi ka yanka shi, ya ɗan guga."

Na ce, "Ya Alhaji..."

Ya ce, "Kada ka ƙara kiran sunana." Ya tofar da yawu a gefen ƙafata ya wuce.

Asabar, da hantsi

Na buɗe shago. Wasu sun wuce ba sallama. Wani mahaddaci da ban sani ba ya tsaya ya ce Allah ya saka mini, na ji kamar in kwaɗa masa dutsen guga.

An ce abin yana cikin wayoyi. Ban kalla ba.

Lahadi

Shiru daga gidan Shehu.

Litinin, bayan Azahar

Shiru. Nabawiyya ta ce in ci ko burodi ne. Ta ce, "Ka yi daidai." Na ce in ta sake faɗa zan bar mata gidan. Ban san me ya sa wannan maganar ta fi yawun Alhaji Dasuƙi ciwo ba.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ihsan ta zo da sassafe, babu kaya a hannunta. Ta ce, "Baba yana kira. Ya ce ka zo da littafin nan da kake rubutu." Na ɗauki littafin na bi ta har gidan.

Na durƙusa zan kama hannunsa, ya janye.

Ya ce, "Zauna. Tun yaushe?"

Na fara kame-kame, na ce ai gajiya ce, ai sanyi ne.

Ya ce, "Bayyumi, ni makaho ne, ba wawa ba. Da safe nake tambayarka don da safe nake nan. Tun yaushe?"

Na ce, "Tun Mit Zahran, ya Maulana. Mako huɗu da wani abu."

"Wuri nawa?"

Na buɗe littafi na karanta masa. Mit Zahran. Ƙanin mai gari. Bayan tasha. Da na zo Izbat Nakhla ya ce in faɗa masa abin da ya karanta, kalma da kalma. Na faɗa. Ya riƙe bakin kujera da hannu biyu.

Ya ce, "A kan uwar mutane?"

Na ce eh.

"Kuna ina?"

Na ce muna gabansa.

"Kuna me?"

Ya ce, "Ni ina jin ihu ya yi yawa, ina cewa muryata ce ta dawo." Ya yi wata 'yar dariya da ba na fatan in sake ji. Ya ce, "Shekara sittin ina tsoron in tsaya gaban Ubangiji da harafi ɗaya a karkace. Kuka bar ni na tara masa ayoyi, don kada in ji kunyar mutanen Tanta."

Na yi kuka kamar yaro. Bai rarrashe ni ba.

Can ya ce rumfa ya bar ta har abada, a faɗa wa Dasuƙi ya huta. Amma matattun nan huɗu an aika musu karatu mai rami, kuma shi ya aika. Ya ce in nemo tuktuk, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kowace safiya kabari ɗaya, ya je ya mayar musu da abinsu cikakke. Ni in riƙe mus'hafi in bi da yatsa. Ya ce, "In na kauce ka tsayar da ni. In ka ji kunyata, Allah ya isa."

Laraba, bayan Azahar

Mit Zahran. Mai gadin maƙabarta ya nuna mana kabarin mai injin niƙa. Shehu ya zauna a ƙasa a kan buhu, ya karanta ƙasa-ƙasa, babu hawa babu sauka. Na tsayar da shi sau biyu. Ya ce madalla.

Alhamis, bayan Azahar

Ƙanin mai gari. Sau biyar.

Asabar, bayan Azahar

Jiya bai iya fita ba. Yau mun je na bayan tasha. Sau tara, kuma a hanyar dawowa ya tambaye ni makokin wa za mu. Ihsan ta ce mu yi sauri da na ƙarshen, safiyar tasa tana gajarta.

Lahadi, da yamma

Izbat Nakhla. Mun fita tun rana ba ta fito sosai ba, amma hanyar ta lalace da ruwa, sai hantsi muka isa. Kabarin tsohuwar yana can ƙarshe, kusa da gonar lemo. Babu kowa sai mu.

Ya fara da kyau. Da muka tunkari ayar nan na danne ta da yatsa a kan takarda. Ya shiga, ya tsaya a tsakiya. Na ba shi ƙarshenta. Ya karɓa ya faɗa daidai, ya sake faɗa, har sau uku, ya kai tsohuwar inda ayar ta ce. Daga nan kusan kowace aya sai na ɗora shi, amma mun kai ƙarshen sura. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, na shafa.

Na kama shi zan tayar da shi, sai ya riƙe hannuna yana shafawa, yana taɓa tabon ƙuna da ke bayan yatsuna.

Ya ce, "Kai wane ne, ɗana?"

Na ce, "Bayyumi ne, ya Maulana."

Ya jinjina kai yadda ake yi wa baƙo. Ya ce, "Allah ya buɗa maka, ya Bayyumi. Muryar dai sai haƙuri, amma haddarka tsaf take, ko harafi ba ka ci ba. Wa ya karantar da kai?"

Na ce, "Wani shehu ne da muka yi a garinmu."

Ya ce, "Ya iya aiki. Allah ya jiƙansa."

Na ce amin.